Abin da Ya Hana Jikin Mutum Watsewa

An yi wannan lacca ne a ɗakin taron wata sakandaren gwamnati da ke ƙasar Ringim, jihar Jigawa, ranar taron tsofaffin ɗalibai. Mai laccar 'yar garin ce, malamar jami'a mai bincike a kan ƙwayoyin halittar jiki. An rubuto ta ne daga abin da aka naɗa a waya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Dagaci, Allah ya ƙara lafiya. Allah gafarta Malam Liman, shugaban makaranta, malamaina da suka koyar da ni a nan, iyayena mata da ke can baya, ƙannena ɗalibai, ina gaishe ku baki ɗaya. Na baya kuna ji na? To a ɗan ƙara wa lasifikar murya.

An ce in zo in faɗa wa yara irin aikin da nake yi, kuma na ji daɗi, don har gobe in aka tambayi mutanen gidanmu sai su ce likita ce, in na zo hutu a yi ta kawo mini masu ciwon baya. (dariya) Ni ba na duba marasa lafiya. Kiwo nake yi, amma dabbobina sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Jikin babban mutum yana ɗauke da ƙwayoyin halitta wajen tiriliyan 30, kowace da 'yar fatarta da ta kewaye ta, kowace mai rai ce. Tambayar da na ƙare a kanta ita ce: me ya riƙe su wuri ɗaya? Don me in ka tashi da safe ba ka tarar da kanka ka zube a kan tabarma ba?

Abu huɗu zan taɓa. Na farko, waɗanda suka fara yin wannan tambaya. Na biyu, wani mutumin Japan da ya samo amsar. Na uku, maganar ƙarfi, wato ja da tauri da laushi. Na huɗu, cututtukan da suka dame mu a nan. In Allah ya yarda kafin azahar mun gama.

To na farko. A 1907 wani malami a Amurka mai suna Wilson ya ɗebo wata halittar teku, soson teku, dabba ce amma a manne take da dutse ba ta tafiya. Ya sa ta a ƙyallen siliki ya matse, ya tace ta a cikin ruwan gishiri, har ta koma ƙwaya ɗaiɗai, ruwan ya yi gurɓi. Ya ajiye. Da ya dawo ya duba sai ya ga ƙwayoyin suna rarrafe a gindin kwano, suna neman juna, suna dunƙulewa, bayan 'yan kwanaki ga ƙananan soso sun sake tsirowa. Da ya gauraya iri biyu kuwa, kowanne ya ƙi haɗuwa da wanda ba nasa ba.

Sai wani Bajamushe, Holtfreter, wanda ya bar Jamus a 1939 ya ƙare a Amurka. Shi da ɗalibinsa Townes suka fitar da aikinsu a 1955. Sun ɗauki ɗan tayin kwaɗo da danginsa, tun yana ɗan curi kafin ya zama talibambam, suka wargaza ƙwayoyin da za su zama fata da waɗanda za su zama ƙwaƙwalwa, suka cakuɗa. Ba wanda ya nuna musu hanya, amma na fata suka fito waje suka lulluɓe, na ƙwaƙwalwa suka shige ciki, yadda suke a jikin dabbar. A 1963 Malcolm Steinberg ya ce ba sai an nemi wata dabara mai zurfi ba. Ku zuba man gyaɗa a ruwa ku kaɗa, ku ajiye. Man zai tattaru wuri ɗaya, ba don yana da wayo ba, sai don ruwa ya fi riƙe ruwa ƙarfi fiye da yadda yake riƙe mai. Ya ce haka ƙwayoyin jiki suke, waɗanda suka fi riƙe junansu da ƙarfi su ne za su dunƙule a tsakiya, masu sakwa-sakwan riƙo su rage a waje. Magana ta yi ma'ana. Sai dai har lokacin ba wanda ya san da me suke riƙon.

Nan ne mutumina ya shigo. Ɗalibai ku rubuta sunansa, Masatoshi Takeichi. An haife shi a 1943 a Japan, ya yi karatu a Nagoya, ya kama aiki a jami'ar Kiyoto. Amma kafin in ba ku labarinsa sai na nuna muku abin da muke yi da hannu kullum, in ba haka ba ba za ku ga daɗin labarin ba.

Muna da wata kwalbar roba mai faɗi, a kwance ake ajiye ta. A cikinta akwai ruwan abinci ja-ja, a gindinta kuma ƙwayoyin suna shimfiɗe, sun manne da robar, sun manne da juna. Tana zaune a akwatin ɗumi, zafi digiri 37, daidai zafin jikin mutum. In suka cika kwalbar dole a raba su. Sai ki tsiyaye ruwan, ki ɗauraye, ki ɗiga wani sinadari, tirifsin. Shi wannan jikinku ma yana yin sa, da shi hanji ke narkar da naman da kuka ci. Ki mayar akwati minti 2 ko 3, ki ɗauko ki leƙa a madubi. Za ki ga ƙwayar da ke shimfiɗe ta fara janye gefunanta, tana tattarewa, tana zama 'yar ƙwallo mai sheƙi. Sai ki ɗan bugi gefen kwalbar da tafin hannu, tas, sai ki ga duk sun saki sun taso suna yawo a ruwa. Na daɗe ina wannan aiki, amma har yanzu in na bugi kwalbar nan sai na tsaya na kalla. In kika yi sakaci kika bar tirifsin ya daɗe kuwa, ya cinye su, sai ki sake sabon lale. Kada ma a yi maganar ranar da wuta ta ɗauke cikin dare, janareta ba mai. Ka zo da safe ka tarar akwati ya huce, aikin wata da watanni ya bi ruwa, kuma ba wanda za ka kai wa ƙara.

To shi ma Takeichi haka yake yi a Kiyoto. Ya sa tirifsin, ƙwayoyi su rabu, ya wanke su, ya ajiye, su sake dunƙulewa. Kullum haka. A 1974 ya tafi Amurka, cibiyar Carnegie da ke Baltimo, don ƙaro ilimi. Ya yi abin da ya saba. Ƙwayoyi suka rabu, ya wanke, ya ajiye, ya jira. Shiru. Suka ƙi komawa. Ya sake, suka ƙi.

Yanzu ku tsaya a nan. Baƙo ne, a ƙasar mutane, ba wannan ne ma aikin da ya kai shi ba. Yawancinmu, ni ma a ciki, cewa za mu yi ƙwayoyin nan ne ba su da kirki, ko ruwan garin ne, mu wuce. Shi sai ya je ya duba abin da ke cikin kwalbar tirifsin ɗin da ake haɗawa a wurin. Ya tarar suna ƙara wani sinadari da ba ya sawa a Kiyoto, EDTA. Ina ma'aikatan asibitinmu? Yawwa, Malam, ka san shi. 'Yar kwalbar nan mai murfi ruwan hoda-shuɗi da kuke zuba jini a ciki in za a yi gwajin sikila ko a auna yawan jini, shi ne a cikinta. Aikinsa ɗaya, ya kama kalsiyam, sinadarin nan da ke cikin ƙashi da nono, ya riƙe. Shi ya sa jinin ba ya daskarewa a kwalbar, don jini ba ya daskarewa sai da kalsiyam.

Sai Takeichi ya zauna ya yi ta jujjuya abu biyun nan. Tirifsin da kalsiyam a wuri ɗaya: ƙwayoyi su rabu, amma su iya komawa. Tirifsin ba kalsiyam: su rabu, ba komawa. Kuma ko waɗanda suka tsira ɗin, in ka zo haɗa su ka hana su kalsiyam, ba za su kama juna ba. Ku lura da kyau, abu biyu ya gano a lokaci ɗaya. Akwai wani abu a fatar ƙwaya da ba ya aiki sai da kalsiyam, kuma kalsiyam ɗin nan shi ke kare shi daga tirifsin. Bai gan shi ba fa. Ba madubin da zai nuna masa shi a lokacin. Daga halin ƙwayoyin ya fara sanin yana nan. Ya buga wannan a 1977.

Daga nan sai wahala. Sanin cewa abu yana nan daban, kama shi daban. Ya koma Kiyoto, shi da ɗalibansa suka yi shekaru suna neman hanyar da za su cafke wannan abu, wanda furotin ne, wato irin sinadarin da ake gina jiki da shi. Dabarar ita ce a sa jikin dabba ya ƙera garkuwar da za ta kama abin, sannan a zuba garkuwar a kan ƙwayoyi a gani ko za su saki juna. In sun saki, to ka taɓa inda ya dace. An sha gwadawa ba a dace ba. Daga ƙarshe suka samu wadda ta yi, a 1984 suka raɗa wa furotin ɗin suna kaderin. Shekara 10 ke nan daga ranar da ƙwayoyi suka ƙi komawa a Baltimo. Ɗalibai, shekara 10. Wanda ya shiga aji ɗaya na firamare a lokacin ya kusa gama sakandare.

Kuma ba shi kaɗai ke nema ba, kada in yi masa kara da yawa. A Faransa da Jamus da Amurka akwai waɗanda suka kama wannan furotin ta wasu hanyoyi suka ba shi wasu sunaye, daga baya aka gane abu ɗaya ne. Amma sunan da ya raɗa shi ya zauna, don shi ya nuna cewa dangi ne guda: akwai na fata da shimfiɗar hanji, ana ce masa E, akwai na ƙwaƙwalwa da zuciya, N, akwai wanda aka fara gani a mabiyiya, P.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na 1987. Akwai wasu ƙwayoyin ɓera da ake kiwo a kwalba, ba ruwansu da juna, kowace harkar gabanta take yi. Ɗalibin Takeichi mai suna Nagafuchi ya ɗauki umarnin gado na ƙera kaderin E ya cusa musu. Sai ga su sun manne, sun yi shimfiɗa. Abu ɗaya tak aka ƙara. Shekara ta gaba suka ba wani rukuni E, wani rukuni P, suka cakuɗa, sai kowane ya ware ya nemi nasa. Wato abin da Holtfreter ya gani a ɗan tayin kwaɗo, ga shi an ƙera shi da hannu. A 1994 kuma Steinberg da Takeichi suka haɗu suka yi aiki tare, iri ɗaya na kaderin amma wasu an ba su da yawa wasu kaɗan. Masu yawan suka shige tsakiya, masu kaɗan suka kewaye su. Dattijo Steinberg ya jira shekara 31 kafin ya ga maganarsa ta man gyaɗa da ruwa a cikin kwano.

Yaya abin yake a jiki? Kaderin ya ratsa fatar ƙwaya ne, kansa a waje, wutsiyarsa a ciki. Na wajen gaɓa 5 gare shi, a kowace mahaɗa kalsiyam 3 ke zama. In suna nan sai ya miƙe ya sandare, ya kai ga ɗan'uwansa na ƙwayar da ke maƙwabtaka, su sarƙe. In aka zare kalsiyam sai ya yi laƙwas, tirifsin ya samu wurin yanka. Kun ga amsar abin da ya faru a Baltimo ke nan. Wutsiyar kuma tana ɗaure da wasu zaruruwa a cikin ƙwayar, masu iya ja. Riƙo ɗaya ba shi da wani ƙarfi, kuma ba ya daɗewa, kamawa yake yana saki. Yawansu ne ke riƙe mutum. Kuma dole ya zama mai saki, don shimfiɗar hanjinku tana sabuntawa duk kwana 3 zuwa 5, tsofaffi na faɗuwa sababbi na hawa, amma ba a taɓa barin ƙofa a buɗe ba.

Na'am, Malam? (wani malami ya yi magana, ba a ji sosai) Malam na tambaya wai in haka ne sai a dage da shan nono kada mutum ya wargaje. (dariya) Allah ya ba Malam haƙuri, masu tallan fura za su so wannan fatawa. A'a. Jiki ba ya wasa da kalsiyam ɗin cikin jini, a ma'auni ɗaya yake tsare shi. In abinci bai kawo ba sai ya je ya ciro daga ƙashi. Don haka ƙashi ne ke biyan bashin. A Jos an yi bincike, aka buga a 1999, a kan yaran da ƙafafunsu ke lanƙwashewa, wani gwame wani kamar baka. A Turai rashin hasken rana ke kawo wannan, mu kuwa rana har ta yi yawa. Aka tarar yaran nan kalsiyam ne ya yi ƙaranci a abincinsu, da aka ba su ƙafafu suka fara miƙewa. To a ba yara nono, Malam, amma don ƙashi.

Ina nake? Na uku... a'a, ban gama da kaderin ba, ku yi mini haƙuri, abu ɗaya. Yanzu an san danginsa sun haura 100 a jikin mutum. Biyu daga cikinsu suna cikin kunne. Can ciki akwai ƙwayoyi masu 'yan gashi a kansu, tsinin kowane gashi an ɗaure shi da na kusa da shi da wani siririn zare, kuma zaren nan kaderin ne iri biyu suka kama juna. In sauti ya shigo gashin ya karkata, zaren ya ja, wata 'yar ƙofa ta buɗe, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Maganar nan da nake yi, da wannan zaren kuke ji na. Yaron da ya gaji matsala a ɗayansu ana iya haifarsa kurma. Kuma lokacin da kowannenmu yake ƙwaya 8 kacal a cikin mahaifiyarsa, abin da ya fara faruwa shi ne ƙwayoyin su matse juna su zama curi ɗaya. A ɓera an nuna kaderin E ke yin wannan, in aka toshe shi curin ba ya haɗuwa. Shi kuwa Takeichi, a 2000 aka ba shi shugabancin wata babbar cibiyar bincike a Kobe, a 2005 ya karɓi babbar lambar kimiyya ta Japan.

Shugaba yana nuna mini agogo. To na uku, da gudu.

Ƙwaya ba 'yar'uwarta kaɗai take riƙewa ba, tana riƙe abin da take zaune a kai, wato saƙar zaruruwan da ke tsakanin nama. Masu wannan riƙo wasu dangi ne daban, intagirin, iri 24 a jikin mutum. Mutum uku da suka yi fice a kansu, Hynes da Ruoslahti da Springer, an ba su lambar Lasker, babbar lambar binciken likitanci ta Amurka, a 2022. Kuma ba riƙo kawai take yi ba, ja take yi. A 1980 Albert Harris ya shimfiɗa ƙwayoyi a kan wata roba siririya ƙwarai, sai robar ta yi ta yamutsewa a ƙarƙashinsu. Da wannan jan ne bakin rauni ke matsowa ya rufe, in ya wuce kima kuma shi ke sa tabon ƙuna ya ƙanƙance ya hana hannu miƙewa. Ta hanyar jan nan ƙwaya ke gane taurin wurin da take. A 2006 a jami'ar Pennsylvania aka ɗauki ƙwayoyin ɓargo waɗanda ba su riga sun zaɓi abin da za su zama ba, aka zaunar da wasu a wuri mai laushin ƙwaƙwalwa, wasu mai taurin tsoka, wasu mafi tauri. Abinci iri ɗaya. Na farko suka fara ɗaukar kamannin ƙwayoyin jijiya, na biyu na tsoka, na uku na ƙashi. Sarkin Fawa yana nan? Shi ya san hanta mai lafiya daga taɓawa. Hantar da ciwo ya daɗe a cikinta tauri take yi, kuma taurin kansa yana ƙara ingiza ƙwayoyin su yi ta saƙa, abu ya yi ta gaba. Haka ƙullutun daji a nono, hannu na jin sa ne don ya fi naman da ke kewaye da shi tauri. Iyayena mata, in an ji ƙullutu mai tauri ko ba ya ciwo, a je asibiti, kada a tsaya shafe-shafe. Ciwon daji kuma ba ya kisa sosai sai ya bar inda ya fara, kuma sau da yawa kafin ya tashi sai ƙwayoyinsa sun rage kaderin E sun saki maƙwabta. A 1998 an gano wasu dangi 'yan ƙabilar Mawori a Niyu Zilan da dajin ciki ke ta ɗauka tun suna matasa, ashe matsala suka gada a wannan furotin.

Na biyar... na huɗu ne ko? To, na huɗu, wanda shi ne nawa aikin. Jajayen ƙwayoyin jini su ba a so su manne da komai. Faɗin kowace bai wuce maikiron 8 ba, wato kashi 8 cikin dubu na milimita ɗaya, kuma tana bi ta hanyoyin da suka fi ta ƙanƙanta, sai ta lanƙwashe ta wuce. A makaranta an koya muku cewa a sikila ƙwayar tana zama kamar lauje ta toshe hanya. Gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. A 1980 Robert Hebbel a Amurka ya nuna cewa jinin mai sikila yana da danƙo, yana manne wa bangon jijiya. Mu a ɗakin bincike muna da wani ɗan gilashi mai siririyar hanya, mu shimfiɗa ƙwayoyin bangon jijiya a ciki, mu tura jini a hankali muna kallo. Na mai lafiya wucewa yake yi fuu. Na mai sikila sai ki ga ɗaya ta tsaya, tana rawa a cikin ruwan amma ta ƙi tafiya, wata ta zo ta tokare a bayanta, fararen ƙwayoyi su ma su kama. Kuma Najeriya ce kan gaba a duniya a yawan masu sikila, ana ƙiyasta haihuwar jarirai wajen 150,000 da ita duk shekara. An yi wani magani mai hana wannan mannewa, Amurka ta amince da shi a 2019, aka yi ta murna, amma da aka yi babban gwaji bai nuna amfanin da aka zata ba, Turai ta janye izininsa a 2023. Ni abin da na fi yarda da shi tsohon maganin nan ne mai araha, haidiroksiyuriya, wanda aka yi nazarinsa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Da gwajin jini kafin aure, wannan kam Malam Liman ya fi ni bakin faɗa.

An ce a karɓi tambaya ɗaya. Inna, bismillah, a miƙa mata abin magana.

(wata dattijuwa, ungozoma) Dakta, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Ni ba boko na yi ba, amma na daɗe ina karɓar haihuwa. Abin da nake gani, in damina ta yi, mai cikin fari ita ta fi shan wuya. Ta ɗashe, jini ya ƙare, ɗan ya zo ɗan mitsitsi. Wadda ta haihu huɗu biyar kuwa da sauƙi. Mu muna cewa ƙuruciya ce. Shin yana cikin abin nan naki?

Amin, Inna. Wallahi yana ciki, tsakiyarsa ma. Ƙuruciya na taka rawa, amma ga babban dalilin. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana shiga cikin jar ƙwayar jini ta zauna. Jinin da ta shiga yana yin tauri, kuma saifa aikinta ke nan, tace jini, duk ƙwayar da ta kasa lanƙwashewa ta bi ta 'yan tsagoginta sai ta kama ta ta hallaka. To don kada a kai ta saifa, sai cutar ta ƙera wani furotin mai danƙo ta fito da shi bayan ƙwayar jinin, ta manne a bangon jijiya ta ƙi tafiya. In a ƙwaƙwalwar yaro ta manne, shi ne zazzaɓin nan mai sa suma da jijjiga. Kuma tana da irin wannan furotin wajen kala 60, tana sauyawa, shi ya sa sai mutum ya sha zazzaɓi sau da yawa kafin jikinsa ya san su.

Yarinyar da ta tashi a nan, kafin ta yi aure jikinta ya san yawancinsu. Amma akwai kala ɗaya da ba ya kama komai sai mabiyiya. Wasu masu bincike biyu, Fried da Duffy, suka nuna haka a 1996 da mabiyiyar matan Kenya. Namiji ba shi da mabiyiya, budurwa ba ta da ita, don haka jikinta bai taɓa haɗuwa da wannan kalar ba sai ranar da ta yi cikin fari. Sai jinin mai cutar ya taru a mabiyiya ya cunkushe, abincin da ke isa ga ɗan ya ragu, ita kuma jininta ya yi ƙasa. Wani lokaci ma ba zazzaɓi, a ɗebi jinin yatsa a duba a madubi a ce ba komai, alhali mabiyiya cike take. A ciki na biyu da na uku jiki ya riga ya ƙera garkuwar da ke hana wannan mannewa. Abin da idonki ya gani ke nan, Inna.

Shi ya sa ake ba masu ciki Fansida a wurin awo ko lafiyarsu ƙalau. Ana farawa ne bayan wata uku sun cika, daga mako na 13, sannan duk wata, aƙalla sau 3 kafin haihuwa, ƙwaya 3 a lokaci ɗaya, a sha a gaban ma'aikaciya. Wadda ke shan Septrin kullum ita ba a haɗa mata, sai ta faɗa a wurin awon. Matsalar ita ce mai cikin fari ita ce mai kunya, ita ce ke ɓoye ciki har ya yi wata shida ko bakwai kafin a kai ta awo, lokacin an riga an yi ɓarna. Ke kike fara sani kafin kowa, Inna, wani lokaci kafin mijin ma. In kin gane, ki sa uwar mijin ta kai ta da wuri, ta kwana cikin gidan sauro, in ta dawo kuma ki karɓi katin awon ki ba wani ɗan makaranta ya duba miki sau nawa aka rubuta ta sha.